Wanke manifol wuni ɗaya, neman noti kwana uku

Har yau uwargida ba ta yafe mini bahon wankinta ba. Babban baho ne na roba, shuɗi, wanda ta saya da kuɗin adashenta, ni kuwa na zuba masa kananzir na jiƙa ƙarfen mota a ciki har ya koma baƙi ƙirin. Na yi alkawarin sabo. Amma bari in faɗi yadda aka yi har aka kai ga bahon.

Motata Hiace ce, irin wadda muke kira Homa, sai dai tawa mai shan gas ce, injin 2KD mai lita 2.5. Yawancin Homar da ke kan titunanmu masu fetur ne, shi ya sa makanikan da suka san ta gas ciki da bai ba su da yawa. Da ita nake ɗaukar atamfa da shadda daga Kantin Kwari in kai Gumel, ranar Alhamis kuma in wuce kasuwar Maigatari. Shekara shida ke nan tana ciyar da ni da iyalina.

Tun tsakiyar damina ta fara nauyi. Sai in taka totur, ta tsaya kamar mai shawara da zuciyarta kafin ta amsa. Gadar Ƙofar Nassarawa da nake hayewa ba tare da na taɓa giya ba, sai ga ni ina komawa giya biyu in da kaya. Wata rana a danja na taka ta da ƙarfi, ta feso wa wani mai adaidaita baƙin hayaƙi a fuska, ya biyo ni ya wanke ni tas, ban ce masa uffan ba don gaskiya gare shi. Gas ɗin da a da yake kai ni Maigatari ya dawo da ni har da ragowa, sai da na koma tsayawa Gujungu ina ƙarawa. Na canza filtar iska, na canza ta gas, duk a banza. Wani ya ce nozul ne, wato masu fesa gas cikin injin, wani ya ce turbo mai tura wa injin iska ne ya mutu, kowannensu kuwa kuɗin da ya ambata ya isa ya hana mutum barci.

Sai na tafi wurin tsohon ubangidana. Kafin in kama tuƙi na yi shekara uku ina yaron gareji a hannunsa, yanzu ya tsufa, ba ya shiga ƙarƙashin mota, zama yake a benci yana ba yara umarni. Ya sa aka ɗaga kujera, aka cire ƙaton tiyon da ke kawo iska daga turbo, ya haska fitilar waya, ya tura yatsa. Da ya zaro shi sai ka ce a kwalta ya tsoma.

“Mura motarka take yi,” in ji shi. “Hancinta ne ya toshe. Je ka cire manifol ka wanke, kada ka bari kowa ya taɓa maka nozul tukuna.”

Na ce, “Baba, ko in kawo wa yaranka?”

Ya harare ni. “Shekara ukun da ka yi a nan, shayi kawai ka koya sayowa?”

Ga wanda bai sani ba, manifol na iska shi ne ƙarfen nan mai baki ɗaya da rassa, wanda ke karɓar iska ya rarraba wa silinda huɗun. A ƙa’ida iska tsagwaronta ya kamata ya ɗauka. To amma injinan gas na zamani suna da wani bawul da ake kira EGR, wanda ke ɗebo wani kaso na hayaƙin salansa ya mayar da shi cikin injin. Hikimar ita ce hayaƙin ya rage zafin ƙonewar mai, don in zafin ya yi yawa injin yana fitar da wata iska mai guba da ke cutar da huhu. Shi hayaƙin yana zuwa da toka busasshiya. A ɗaya gefen kuma akwai tururin baƙin mai da ke tasowa daga cikin injin, wanda ake bi da shi ta tiyo a mayar gaban turbo. Toka ita kaɗai da wucewa za ta yi, mai shi kaɗai da silalewa zai yi. Haɗuwarsu ce matsalar: su cakuɗe su zama wani abu kamar kwalta, ya yi ta manne wa bango, shekara da shekaru, har hanyar ta tsuke. Motar da ke yawan tsayawa a kunne ba tafiya ta fi saurin kamuwa, ni kuwa sai in yi awa guda a cunkoson Kwari injin na kunne ina jiran ’yan dako. Ga kuma irin man da aka sha ba mu. Turai tun 2009 ba sa barin farar wutar da ke cikin gas ta wuce kashi 10 cikin miliyan, mu kuwa an yi shekaru ana halatta har 3,000.

Ranar Asabar bayan sallar asuba na ja ta ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, na kira ɗan ƙanwata da ke hutun makaranta ya zama yarona. Lissafina, kafin magariba mun gama.

Abu na farko na cire kan batir. Injin Homa a ƙarƙashin kujerun gaba yake, don haka muka ɗaga ta fasinja, muka kwance ta direba da murfin da ke ƙarƙashinta. Kafin in taɓa komai sai da na ɗauki hotuna da waya ta kowane gefe, musamman ƙananan tiyoyin nan masu kama da juna, waɗanda in ka musanya biyu sai mota ta yi ta maka hauka ka rasa dalili. Na kuma yanko kwalin taliya na zana siffar manifol ɗin a kai, duk notin da ya fito sai in huda kwalin in cusa shi a gurbinsa. A gareji noti muke ce wa duka, namiji da mace, kuma ba duka mazan ne tsawonsu ɗaya ba. Wannan dabarar kwalin tun ina yaron gareji na koye ta, bayan na sha mari a kan rashinta.

Wurin da na fi taka-tsantsan shi ne siraran bututun ƙarfe da ke kai gas ga nozul, don sun tare hanya, dole su fita. Matsin man da ke cikinsu in injin na aiki ya haura 1,000 a ma’aunin matsi na “bar”, yana iya huda fatar mutum, shi ya sa ba a kusantarsu da sifana sai injin ya daɗe a kashe. Kuma ƙwayar yashi ɗaya in ta shiga ciki ta isa ta kashe nozul. Duk bakin da na buɗe sai na rufe shi da leda mai tsabta na ɗaure da kyauro. Muna ƙarƙashin bishiya, iska na kaɗawa, ban yarda da komai ba.

Har zuwa azahar komai lafiya. Da muka zo kan notunan da ke riƙe da manifol ɗin a jikin kan injin ne allura ta tono garma.

Soket mai lamba 12 nake bi da shi ɗaya bayan ɗaya, suna amsawa, sai na zo kan wani ya ƙi shiga. Na ɗauko 13, ya shiga, na murɗa, sai na ji ya sulɓe. Kan notin ya riga ya cinye, kusurwoyinsa sun zama kamar na tsakuwar rafi. Nan na gane wani ya taɓa shiga wurin kafin motar ta zo hannuna, ya ɓatar da na asali ya cusa abin da ya samu. Na nemo soket 12 mai kusurwa shida, na ɗora a kan cinyayyen, na buga da guduma har ya nutse, na murɗa a hankali ina salati. Ya fito. Na goge kansa da tsumma, ga 4.8 a rubuce, lambar ƙarfin noti. Irin notin da ake haɗa gadon ƙarfe da shi.

Na biyu kuma laifina ne, ba zan ɗora wa kowa ba. Akwai sitod, wato namijin da ba shi da kai, zare ne a ɓangarorinsa biyu, ɗaya a dasa a jikin injin, ɗaya a ɗaura masa mace. Macen ta yi tsatsa ta kafe. Maimakon in fesa mata mai in je in ci abinci in dawo, sai na zura bututu a hannun sifana don ƙarin ƙarfi. Na ji ƙas, hannuna ya tafi da sauƙi. Duk wanda ya taɓa riƙe sifana ya san wannan sauƙin, ya kuma san yadda ciki ke ɗurar ruwa a lokacin. Sitod ya karye, ya bar ɗan guntu bai fi rabin farce ba a waje.

Na uku, muna zaro manifol ɗin, yaron ya ture kwalin da gwiwa, noti ɗaya ya faɗa cikin injin ta gefe. Mun ji ƙararsa sau biyu, ƙwal, ƙwal, ba mu ji ya taɓa ƙasa ba. Muka share yashin ƙarƙashin motar da tsintsiya, muka zura maganaɗisun tsohuwar lasifika ɗaure da waya, babu shi babu dalilinsa. Abin da ya kwantar mini da hankali kawai shi ne na riga na toshe ramukan kan injin da tsumma kafin ya faɗi.

“Kawu, wallahi ban gani ba,” in ji shi, ido ya raina fata.

Na ce ya bari, ni da na karya sitod ina nake da bakin faɗa.

Amma fa da muka juya manifol ɗin muka leƙa, sai na manta da ɓacin rai. Bakin da ya kamata ya kusa ɗaukar dunƙulen hannun yaro, yatsuna biyu da ƙyar suke shiga. Kusa da inda hayaƙin EGR ke shigowa abin ya taru ya yi tudu, sama-sama laushi kamar man kaɗanya da aka kwaɓa da gawayi, can ƙasa kuma tauri kamar ƙanzo. Na yi mamakin yadda motar nan take kai ni Maigatari da wannan shaƙewar.

Lahadi muka yi wankin. Na cire duk abin da ke da waya ko roba a jikinsa na ajiye gefe, don sansa da ’yar motar da ke juya murfin iska ba sa son jiƙo. Muka fara da kankara, da tsohon cokali da fasasshen katako, muka cika gwangwanin madara biyu har da ɗori. Daga nan bahon uwargida ya shigo labari. Muka jiƙa shi a kananzir tun hantsi har la’asar, muna dirza da burushin wanke kwalba, muna zubarwa muna sakewa. Wani maƙwabcina ya leƙo ya ce in sa masa soda irin ta masu sabulu, nan take za ta cinye dattin. Gaskiya ne za ta cinye, amma manifol ɗin alminiyam ne, soda kuwa da dattin da alminiyam ɗin duk abincinta ne. Wani kuma ya ce a gareji ƙona shi suke da wutar walda. Na sha gani ana yi, na kuma ga wanda fuskarsa ta lanƙwashe bayan an ƙona, ya ƙi zama daidai a kan gaskit, shimfiɗar da ke hana iska tsiyaya tsakaninsa da injin, har abada. Na gode musu, na ci gaba da dirza. Ƙarshe muka wanke da omo da ruwan zafi, muka kife shi a rana. Dole ya bushe ƙarau, domin injin gas duk abin da ke kama wuta in ya shaƙa ta hanyar iska zai ƙona shi ya yi ta gudu ba da izininka ba, ruwa kuma in ya shiga silinda ba ya matsuwa.

Ramukan da ke jikin kan injin su ma sun yi kauri, amma a nan ban yi zurfi ba. Na goge bakin kowanne ina jawo dattin waje. In ɓarɓashi mai tauri ya faɗa ciki zai iya maƙalewa a bakin bawul, kuma tsakanin fistin da kan injin gas babu wani fili na a zo a gani.

Da yammacin nan na zaga Sabon Gari neman noti, na tarar rabin shagunan kayan mota a rufe, na manta Lahadi ce. Kwana ɗaya ya tafi.

Litinin da safe na ɗauko mai walda. Muka lulluɓe duk wurin da gas yake da jiƙaƙƙen buhu, batir a cire, na sa ya maƙala wayar ƙasa dab da wurin aikin don kada wuta ta bi ta ƙwaƙwalwar motar. Ya ɗora mace a kan guntun, ya cika tsakiyarta da walda, muka jira ta huce. Ta farko ta ɓalle. Ta biyu ta kama, kuma zafin ya taimaka ya saki tsatsar, guntun ya juyo a hankali yana kuka. Zaren ramin bai lalace ba. Kan injin alminiyam ne, da ya lalace da sai an kai ga huda da dasa sabon zare.

Da rana na shiga Ƙofar Ruwa da samfur a aljihu. Shagon farko na masu ƙarafan gini ne, yaron shagon ya karɓa ya jujjuya, ya zura hannu a buhu ya miƙo mini guda uku masu walƙiya. Ido ba mudu ba, na ce sun yi, na biya na taho. A gida na jera su kusa da na asali sai na ga wautata. Kaurin ɗaya ne, M8, wato milimita takwas, zaren ma ya yi daidai. Amma kansu 13 ne, ba su da faffaɗar kafaɗar nan da na asali ke da ita wadda ke zama kamar wasa, sun fi tsawo kaɗan, kuma ga 4.8 a kai. Wato na sayo ainihin irin wanda na gama zagin mai sa shi shekaranjiya.

Wannan ɗan ƙarin tsawon ba ƙaramin abu ba ne. Ramin da ke jikin injin makaho ne, yana da ƙarshe. In noti ya yi tsawo zai dunguri ƙasan ramin, hannunka ya ji ya ɗauru, alhali bai danne manifol ba, iska ta riƙa tsiyaya ta gefen gaskit. In ka ƙara ƙarfi kuma ka tsige zaren ko ka tsaga wurin. In ya yi gajarta zare kaɗan zai kama, alminiyam kuwa yana son noti ya shige shi kamar ninki ɗaya da rabi zuwa biyu na kaurinsa. Don haka na ɗauki tsinken tsintsiya na zura a ramin wanda ya ɓace, na yi alama da farce, na haɗa da kaurin kunnen manifol ɗin, na rage kaɗan. Da wannan tsinken na koma kasuwa ranar Talata.

Wani mai sayar da gaskit ne ya kwatanta mini wani dattijo can cikin layin masu fasa injina. Rumfarsa ba ta fi tabarma biyu ba, ba ya sayar da komai sai notunan da aka kwance daga tsofaffin motoci, a jere cikin gwangwanayen tumatir. Na Japan gefe guda, na Jamus da Faransa gefe guda. Na miƙa masa samfur da tsinke, ya dubi tsinken ya yi murmushi.

“Wa ya koya maka wannan?”

Na faɗa masa. Ya ce to zauna.

A wurinsa na ji abin da shekara uku a gareji ba su koya mini ba. Ya ce motocin Japan M8 ɗinsu kansa 12 ne, na Turai 13. M10 na Japan kansa 14, na Turai 17 ko 16. Amma babban tarkon yana kan M10, don zaren na Japan ya fi ƙanƙanta, tazararsa 1.25, na kasuwa kuwa 1.5. Zai shiga zagaye biyu lafiya lau, a na uku ya cije, mai gaggawa ya sa ƙarfi ya kashe ramin. Ya ɗauko guda biyu ya haɗa cikinsu da juna ya ɗaga wa hasken rana. In zarensu ɗaya ne sai haƙoran su shige juna ruf, haske ba ya wucewa. In sun bambanta sai ka ga haske na leƙowa tsakani. Sai da ya sa na gwada da hannuna har sau uku. Game da lambar kai kuma ya ce 8.8 ko 10.9 rubutun Turawa ne, kuma ƙarfin 4.8 rabin na 8.8 ne. Na Japan sau da yawa lamba ɗaya ce, 7 ko 8, ko ’yan layuka a kan. Mai 7 ɗin ya kusa da 8.8. Na tambaye shi farin ƙarfen nan da ba ya tsatsa, ya girgiza kai ya ce a jikin alminiyam ba ya ba da shawararsa.

Ya zazzage gwangwani a kan buhu, ya tsinto guda biyu masu kafaɗa, kai 12, ya auna da tsinkena, ya murza mace a kan kowanne da yatsa tun daga baki har gindi don ya tabbata zaren bai miƙe ba.

Sitod ne ba shi da shi. Sabo ana samu, in ka je wurin dila da lambar jikin motar, tawa da KDH ta fara, su duba maka lambar kayan su yi oda, amma ni Alhamis ce a gabana. Dattijon ya tashi ya ja ni rumfa ta huɗu, inda wani kan injin 2KD da ya tsage yake yashe yana jiran masu narka. Ya ɗaura mace biyu a kan sitod ɗin, ya matse su da juna da sifana biyu, sannan ya kama ta ƙasan ya murɗo. Sitod ya fito sumul kamar yau aka sa shi. Kuɗin da ya karɓa duka bai kai abin da na kashe a adaidaita cikin kwana ukun ba. Na ƙara masa, ya mayar mini ya ce in saya wa yaron da ya ɓatar da notin alawa.

Laraba muka haɗa. Sabon gaskit na sa, ban shafa masa gam ba, don gam ɗin da ya matso ciki injin ne zai haɗiye shi. Na busa ramukan na tabbata ba mai ba ruwa a cikinsu. Kowane noti sai da na kai shi ƙarshe da yatsa kafin sifana ta taɓa shi, na fara ɗauri daga tsakiya ina fita gefe, zagaye biyu. Na aro sifanar awo wurin Baba, ya duba littafi ya saita mini. Notin M8 ba ya son fiye da ƙarfin da hannu ɗaya zai ba shi a gajeriyar sifana, ni kaina na yi mamakin yadda ta yi ƙas da wuri. Na zaro tsummokaran ramuka ina ƙirgawa da ƙarfi, yaron na maimaitawa.

Mutum uku suka ce tunda na buɗe, in yanko faranti in toshe EGR ɗin in huta. Na san masu yi da yawa, kuma ba zan ce ban yi tunani ba. Amma na tuna fuskar mai adaidaitar nan, na tuna ’ya’yana ma a titin suke shaƙar iska, ga shi wasu motocin fitilar injin suke kunnawa in an toshe. Na wanke bawul ɗin na mayar. Abin da na ɗaukar wa kaina shi ne kashe mota in ina jiran kaya, da daina ja wa juyen baƙin mai rai.

Na danna famfon hannu da ke kan filtar gas har ya yi tauri, na murɗa makulli. Ta yi tari sau biyu, a na uku ta kama. Na zagaya da fitila ina duba kowane bakin bututu ko zai yi gumi, babu. Alhamis da asuba na ɗau hanya da dila goma sha ɗaya a baya. Bayan Gezawa na tarar da tirela, na leƙa, na taka, kafin in gama tunanin sauya giya na riga na wuce ta. Ban tsaya Gujungu ba.

Ranar Juma’a yaron yana wanke motar ya ƙwala mini kira. Ruwa ne ya turo notin daga wani lungu a saman ƙarfen da injin ke zaune a kai, ya je Maigatari ya dawo a wurin. Yana cikin aljihun gaban motar yanzu, tare da tsinken tsintsiyar.